Wa Yake Yanke Ranar Da Ɗan Ƙwallo Zai Dawo Daga Jinya?

A shafin wasanni na wannan fitowa mun ɗauko wata tambaya da ake yawan musu a kanta a gidajen kallon ƙwallo: idan ɗan wasa ya ji rauni, wa yake da ikon cewa ya warke? Wasu sukan ce koci, wasu su ce ɗan wasan da kansa, tunda shi yake jin jikinsa. A manyan ƙungiyoyi kuwa, sakamakon gwaji ake bi, mataki bayan mataki. Labarin Virgil van Dijk, mai tsaron bayan Liverpool, zai nuna mana yadda abin yake.

Ranar 17 ga Oktoba 2020, a wasan Liverpool da Everton, mai tsaron ragar Everton, Jordan Pickford, ya faɗa wa Van Dijk a ƙafa tun a mintunan farko. Da ƙafarsa ya taka ya fita daga fili, shi ya sa masu kallo da yawa suka ɗauka ƙaramin abu ne. Da aka ɗauki hoton gwiwar, sai aka ga jijiyar da ake kira ACL ce ta samu matsala. Wannan jijiya tana can tsakiyar gwiwa, ita take riƙe ƙashin ƙwauri kada ya zame gaba idan mutum ya tsaya farat ɗaya ko ya juya. Wanda tasa ta tsinke zai iya tafiya, amma da ya yi yanka sai gwiwar ta goce.

Aikin ƙungiya yakan fara ne da gano ainihin raunin. Likita zai duba a fili, sannan a kai ɗan wasan a ɗauki hoton MRI, wanda yake nuna jijiya da tsoka, abin da hoton ƙashi ba ya nunawa. Daga nan a yanke shawara ko sai an yi tiyata. An yi wa Van Dijk tasa a Landan a ƙarshen watan. A irin wannan tiyata, yawanci akan yanko jijiya daga wani wuri a ƙafar mai raunin, a dasa ta a gurbin wadda ta tsinke.

Bayan tiyata, ɗan wasa yana komawa hannun mutane da dama, kowa da aikinsa. Likitan ƙungiya ne jagora. Masu gashin ƙashi su suke tare da shi kullum. Akwai mai horar da ƙarfin jiki, da mai tsara abinci, wanda yake lura kada tsoka ta zube ko ƙiba ta hau. Ƙungiyoyi da yawa suna da masanin halayyar ɗan Adam, domin wanda ya saba da sowar dubban mutane yakan shiga damuwa idan ya yi watanni shi kaɗai a ɗakin motsa jiki. Duk waɗannan sukan zauna a kai a kai su duba inda aka kwana, sannan su kai wa koci rahoto.

A makonnin farko ba a ko maganar ƙwallo. Abin da ake nema shi ne kumburi ya sauka, gwiwa ta miƙe sosai ta kuma lanƙwashe, tsokar cinya ta sake amsawa. Daga nan sai tuƙa keken motsa jiki da tafiya cikin ruwa, saboda ruwa yana ɗauke wa ƙafa nauyi. Akwai ma wata na'urar gudu da take rage wa mutum nauyin jikinsa, a riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan har ya iya ɗaukar kansa. Sai ɗaga ƙarfe, sai gudu a miƙe a kan ciyawa, sai juyi da tsalle da birki. Bayan haka ne zai taɓa ƙwallo shi kaɗai, sannan ya shiga atisaye da sauran 'yan wasa ba tare da an taɓa shi ba. Gogayya ce take zuwa ƙarshe.

Kowane mataki da jarrabawarsa, kamar yadda ba a hayewa aji sai an ci. Akan auna ƙarfin ƙafar da ta ji rauni da na'ura, a kwatanta da mai lafiyar, kuma galibi ana so ta kai aƙalla kashi 90 cikin 100. Akan sa shi tsalle da ƙafa ɗaya, a auna nisa, a kuma duba yadda yake dira. 'Yar baƙar rigar nan da kuke gani a ƙirjin 'yan wasa lokacin atisaye tana ɗauke da na'urar GPS a tsakanin kafaɗu. Tana rubuta nisan da ya gudu da saurinsa, sai a gwada da alƙalumansa na kafin rauni. Idan gwiwa ta kumbura washegari, sai a mayar da shi matakin baya.

Me ya kawo wannan tsanani? Zafin ciwo yana riga warkewa tafiya. Jijiyar da aka dasa tana buƙatar watanni kafin ta yi ƙwari, alhali mai ita ya daɗe da daina jin komai. Wani bincike da masana a Norway da Amurka suka fitar a 2016 ya nuna cewa duk wata ɗaya da aka jinkirta dawowa, har zuwa wata 9 bayan tiyata, haɗarin sake jin rauni a gwiwar yana raguwa da kusan rabi.

Haƙurin ya ci wa Van Dijk abu mai tsada. Shi ne kyaftin ɗin Holan, amma a watan Mayu 2021 ya sanar da cewa ba zai je gasar cin kofin ƙasashen Turai ba. Ya fara dawowa ne a ƙarshen Yuli, ya shigo daga benci a wasan sada zumunta da Hertha Berlin. Ranar 14 ga Agusta 2021, kusan wata 10 bayan raunin, ya buga wasan Firimiya da Norwich. A 2025 shi ya ɗaga kofin Firimiya a matsayin kyaftin ɗin Liverpool.

Ga kuma abin da gaggawa take jawowa. A Mayu 2014, ɗan wasan gaban Atletico Madrid, Diego Costa, yana fama da tsokar bayan cinya, ga wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai da Real Madrid saura mako guda. Ya tafi Sabiya neman maganin da zai warkar da shi cikin kwanaki. Aka fara wasan da shi a Lisbon, amma a minti na 9 dole aka cire shi. Canji ɗaya cikin ukun da ake da su a lokacin ya tafi a banza, wasa ya kai ƙarin lokaci, Atletico ta sha kashi 4 da 1. Sauri ya haifi nawa.

'Yan uwa, mu ba mu da na'urar GPS, amma gwiwarmu irin ta Van Dijk ce. Idan ka ji ƙara a gwiwa ta kuma kumbura nan take, ko ƙafa ta ƙi ɗaukarka, ka fita daga fili ko da gidanku ne ake ci a gasar gidaje. Ka sanar da malamin wasanni, a kai ka asibiti. Kada a tsaya a murza da man zafi, domin jijiyar tana ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Ku kuma abokai, ku daina kiran wanda ya zauna a benci rago. Kafin ka dawo, ka bi matakan nan a jere: tafiya, gudu, juyi, sannan gogayya, kuma da izinin likita. Wanda ya rasa wasa uku zai buga na huɗu, wanda ya ɓata gwiwarsa kuwa yana iya yin sallama da fili tun yana aji huɗu.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.