Littafin bashi ya koma waya: wa ke riƙe da makullin rumbu?

Albasar da ta taso daga Aliero zuwa kasuwar Ose a Anacha, ko shanun da aka sauke a Garikin Ugwuoba da ke jihar Inugu, ba duka ake sayarwa kuɗi hannu ba. Bashi ne ke juya wannan fatauci, kuma matasa masu rubuta manhaja sun fara ƙoƙarin mayar da littafin bashin cikin waya.

Irin wannan manhaja a wayar Android tana ajiye bayananta ne a SQLite, rumbun bayanan da D. Richard Hipp ya fitar a shekarar 2000. SQLite na da ƙa'ida: masu karatu su yi yawa ba laifi, amma mai rubutu ɗaya ne a lokaci guda. Idan shafin shigar da kaya ya buɗe rumbun da kansa, shafin biyan kuɗi ma ya buɗe nasa, wata rana za su yi karo. Rumbu ya kulle, biyan da dillali ya karɓa a Fatakwal bai shiga ba, gobe a tashi da rigima da mai kaya.

Maganin shi ne a yi wa manhajar jigo guda. A Android akwai ajin da ake kira Application, wanda ke tashi kafin kowane shafi ya bayyana. Nan ya dace a buɗe rumbun sau ɗaya, a karanta saituna, duk shafin da ke bukata ya karɓa daga wurinsa. Kamar fatoma ne a zango: baƙo ya sauka gidansa, kaya su shiga hannunsa, kowa ya san inda zai nemi hakkinsa. Idan kuma aka haɗa rage buhu daga lissafin kaya da ɗora kuɗinsa kan mai saye cikin transaction guda, za su tafi a dunƙule. Ko su shiga tare, ko kada ɗaya ya shiga, ko da caji ya ƙare ana tsakiyar rubutu.

Inda nake jan kunnen masu koyo shi ne kwaɗayin lafta wa jigon komai. Lissafin la'ada, buga rasit, tura saƙo ga mai kaya a Kebbi, kowanne a ba shi ajinsa daban, jigo ya miƙa masa rumbun kawai. Ta haka ne za a iya gwada lissafin la'ada da rumbun gwaji, ba tare da an taɓa bashin kowa ba.