Mai Maganin Tsutsar Ciki a Kasuwar Sabha

Tun kafin ka iso shagon mai saiwoyi a Sabha, babban birnin Fezzan, ƙamshin shihi ya tarbe ka. Busasshen ganye ne mai launin toka, ɗan'uwan tazargaden da muka sani a Kano da Damagaram. Kusa da buhunsa akwai na filasko, da hulba, da habbatussauda, can ƙurya kuma ga handal, gunar daji mai ɗacin tsiya, an ajiye ta nesa da hannun yara.

Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan kasuwa. A da ayarin fatake ne ke kawo ta ta Azbin da Ghat da Murzuk, yau kuma motocin da ke tasowa daga Agadas ta Dirku. Filasko ma tsohon matafiyi ne: ta Fezzan raƙuma suka riƙa kai shi Tarabulus, daga can jiragen ruwa su wuce da shi Turai.

Uwa za ta zo da ɗanta ta ce, "Baba, yaron nan yana ci amma sai ramewa yake, ga cizon haƙora da dare." Mai shago ba ya gaggawar awo. Zai tambayi shekarun yaron, ya ja fatar idonsa ya duba ko jini ya yi ƙasa, ya tambaya ko an ga abin a bayan gida, dogo ne kamar tana ko kuwa guntaye masu faɗi irin na tsila. Sannan ya debi shihi da 'yan yatsu uku ya ƙulle. A jiƙa, a sha da sassafe kafin karin kumallo, daga baya a bi da filasko.

Wannan jeri ba banza ba. A 1830 masana a Jamus suka tace sinadarin santonin daga wani dangin shihi na tsakiyar Asiya, ya kuma daɗe yana cikin manyan magungunan macijin ciki a duniya. Sumar da tsutsa yake yi, shi ya sa dole a bi shi da abin da zai wanke ciki. In ya yi yawa kuwa, mutum kan ga komai rawaya, yaro ƙarami na iya shiga farfaɗiya. Saboda haka likitoci suka bar shi, yau albendazole da mebendazole ake bayarwa. A nan nake auna mai sana'a, a nauyin hannunsa. Nagari ba ya ba mai ciki shihi, handal kuwa ba ya bari ta shiga cikin yaro, don takan yanki hanji har a yi zawon jini.

Akwai kuma tsutsar da ta fi ƙarfin jiƙo. Tsargiya, wadda a da aka sani a wasu dausayoyin Fezzan, praziquantel ne maganinta. Ga kuma ƙullutun ruwa a hanta ko huhu, cutar da ke yawo tsakanin karnuka da tumaki da raƙuma a Libiya, mutum ya kamu ta ƙwan da ke cikin kashin kare. Sai an ɗauki hoton ciki ake ganinta, sau da yawa kuma sai da tiyata. Wanda ya zo da nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama na tsawon watanni, mai shagon kirki yakan mayar da ma'auni ya ce masa, "Ɗan'uwa, wannan ba nawa ba ne, tafi asibiti yau."