Tara ruwan sama a gida: abin da ya kamata mutanen Arlit su sani

Jama'ar Arlit da Akokan, ruwan da muke sha ba na daminar bana ba ne, ba kuma na bara ba. Tsohon ruwa ne da ya kwanta cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa tun dubban shekaru, lokacin da wannan hamada take da ciyawa da tafkuna. Masana suna kiran babbar shimfiɗar da ake jawo shi da sunan Tarat. Tun da kamfanin SOMAÏR ya fara haƙar uraniyom a 1971, COMINAK kuma ya bi baya a 1978, ake ɗibar wannan ruwa domin aikin ma'adini da shan jama'a. Abin da aka ɗiba ba ya komawa, sai ɗan kaɗan ainun. An rufe COMINAK a watan Maris na 2021, amma tarin dusar ma'adinin da ya bari yana nan.

Saboda haka duk ɗigon da ya faɗo daga sama yana da daraja. Sai dai mu faɗi gaskiya: ruwan sama a nan ba shi da yawa. A shekara da ƙyar yake kai milimita 50, galibi a Yuli da Agusta, wata shekarar ma ba ya kai rabin haka.

Ga lissafi mai sauƙi. Milimita 1 na ruwa a kan mita 1 murabba'i yana ba da lita 1. Idan rufin kwanonka yana da tsawon mita 10 da faɗin mita 5, kana da mita 50 murabba'i. In an yi milimita 40 a shekara, lita 2,000 ke nan. Cire wanda ya fantsama da wanda za a zubar da farko, za ka tsira da wajen lita 1,600, wato tano 8 masu lita 200. Gida mai mutum 8, kowa na amfani da lita 20 a yini, zai ƙarar da shi cikin kwana 10. Ba zai maye gurbin famfo ba. Amma ranar da famfo ya ɗauke, uwar gida ta san amfanin tano takwas.

A nan ne ya kamata a yi hattara ƙwarai. Rufinmu yakan yi wata tara ko goma yana tara ƙura, kuma ƙurar Arlit ba irin ta sauran garuruwa ba ce, tana iya ɗauke da burbushin ma'adini. Kafin damina a share rufi da indararo, mai shara ya rufe hanci da baki. Ruwan farko a bar shi ya zube har sai ya fara fitowa garau, sa'an nan a tara. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da uraniyom daga ruwa. Don haka ruwan rufi ya fi dacewa da wanki, da gini, da ban ruwan itatuwa. Wanda zai sha, sai ya nemi shawarar ma'aikatan lafiya tukuna.

Abu na biyu shi ne mazubin kansa. A 2003 masu bincike na CRIIRAD daga Faransa, tare da ƙungiyar Aghirin'man ta nan Arlit, sun tarar da ƙarafa masu gubar ma'adini ana sayarwa a kasuwa. Wannan guba ido ba ya ganinta, hanci ba ya jin ta, wanki kuma ba ya tabbatar da ta fita. Kada araha ta ruɗe ka. Tano ko kwano ko bututun da ba ka san asalinsa ba, kada ya shiga gidanka. Tanon roba sabo ya fi, ko randa, ko kwatarniyar siminti. A rufe shi da murfi saboda sauro da yara ƙanana.

Masu soron ƙasa fa? Ruwan indararonsu yakan zo da laka, bai dace da tano ba. A ja masa ƴar hanya zuwa gindin itace, nesa da bango da masai, a haƙa rami mai siffar rabin wata, a zuba taki da busasshen ganye. Ruwan zai tsaya ya nutse, aduwa ko magarya ko bagaruwa ta sha. Ruwan da ya fita titi da gudu kuwa shara yake kwashewa, ya ci gindin katanga, ya taru a kwari rana ta shanye shi. Mutanen Agadas ba su manta da Satumba ta 2009 ba, lokacin da ƙoramar Telwa ta ɓalle ta rushe gidaje masu yawa. Masu garake na Timiya da Iferwan, can cikin duwatsun Abzin, sun daɗe da sanin cewa ruwan da ya nutse cikin yashin ƙorama shi ne rijiya take bayarwa da rani.

A gyara indararo da tano tun watan Yuni, domin hadarin Arlit yakan zubar da ruwansa cikin ɗan lokaci.