Atisayen tsokar mara da na'urar awo: nazari a kan maganin kuɓucewar fitsari

Tun kafin likitocin zamani su waiwayi wannan lalura, malaman fiƙihu sun san da ita, sun kira ta salisul bauli, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya sun yi wa mai ita rangwame, har littafin Risala ya nuna cewa mustahabbi ne ta sabunta alwala ga kowace salla. Amma sauƙin da shari'a ta yi bai ɗauke wa mace takaicin da ke kama ta ba, sa'ad da ta yi tari ko atishawa, ko ta sunkuya ɗaukar tulu, ta ji fitsari ya kuɓuce mata ba da nufinta ba. Asalin abin kuwa tsokoki ne da ke shimfiɗe a ƙasan mara, waɗanda suke riƙe da mafitsara da mahaifa kamar yadda ragaya take riƙe ƙwarya, idan kuwa yawan haihuwa da ƙiba da tsufa suka raunana su, sai riƙon ya sassauta.

A shekarar 1948 wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya wallafa hujjar cewa tsokokin nan suna karɓar horo kamar sauran tsokokin jiki, ya kuma ƙera wani ɗan ma'auni da ke nuna wa mace ƙarfin matsawarta, wanda shi ne kakan na'urorin da ake kira bayofidbak a yau. Faransa ta daɗe da rungumar wannan hanya, inda inshorar lafiya take biyan kuɗin horon mai jego. Sai dai abin da ya ƙara karkato da hankalin likitocin Turai gare ta shi ne musibar ragar roba da ake dasa wa mata ta hanyar tiyata, domin da koke-koke suka yawaita a kan azabar ciwon da ta jawo wa wasunsu, sai Ingila ta dakatar da dasa ta a watan Yuli na 2018, aka koma neman maganin da babu wuƙa a cikinsa, babu kuma tsada.

Fa'idar atisayen ba ta da shubuha. Bitar da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2018 ta gano cewa daga cikin matan da tari ko yunƙuri ke sa su zubar da fitsari, kashi 56 cikin ɗari na waɗanda suka yi horon sun ce sun warke, alhali kashi 6 kacal ne suka faɗi haka cikin waɗanda ba su yi ba. Ƙa'idar hukumar NICE ta Birtaniya kuwa ita ce a matse tsokar aƙalla sau 8 a zama ɗaya, zama 3 a yini, har wata 3 a ƙarƙashin kulawar masani. A nan ne gizo ke saƙar, gama an taɓa jarraba mata 47 a Amurka a 1991 bayan an yi musu bayani da baki kawai, aka tarar kimanin rubu'insu suna yin abin a juye, suna yunƙuri zuwa ƙasa maimakon su tsuke su ja sama, wanda hakan ƙara cutar yake yi.

Saboda wannan kuskure ne na'urar ta samu kasuwa, tun da tana nuna wa mace a allo ko tsokar da ake nufi ce ta motsa, 'yan kasuwa kuma suka yi ca, suna sayar da ire-irenta masu haɗuwa da wayar hannu. To, amma da aka gwada mata 600 a Birtaniya a binciken OPAL, wanda aka buga a 2020, rabi da na'ura rabi babu, bayan shekara 2 ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani tsakaninsu ba. A ganina hukuncin a bayyane yake: na'urar malama ce ga wadda ta kasa gane tsokarta, waraka kuwa tana ga dawwama a kan horon, kuma galibi a nan ake faɗuwa, domin da zarar an ji sauƙi sai a yi sakaci, ciwon ya dawo.

Wajibi ne a yi tanbihi guda ga mutanenmu, kada a cakuɗa wannan da yoyon fitsarin da doguwar naƙuda ke haddasawa, wanda huda ce tsakanin mafitsara da gaba, ba ta jin atisaye ko kaɗan, sai ɗinki a asibitoci irin na Babbar Ruga da ke Katsina. Wadda fitsari ke zubo mata dare da rana ba yankewa, can ya kamata a kai ta ba da jinkiri ba. Sauran kuwa, abin da muke roƙon hukumomin lafiya shi ne su horar da ungozomomi su riƙa koya wa mata wannan atisaye tun a wurin awon ciki, su kuma duba su tabbatar kowace tana yin sa daidai kafin ta koma gida.