HUNTURU YA SHIGO: A DUBI TUKUNYAR MAI JEGO DA TA YARA

Jama'a, kaka ta wuce, an kai amfani gida, ga shi kuwa iskar gabas ta fara busowa da hazo. Ƙurar nan da mu ke gani tana tasowa ne daga wajen ƙasar Cadi, ta bi ta kanmu tun daga ƙarshen Nuwamba har cikin Fabrairu ko Maris. Lokacin nan ne leɓe ke tsagewa, ƙafa ta yi faso, mura da tari su bi gida gida. A wannan mako za mu bar maganar huɗa da taki, mu bi hatsi daga rumbu zuwa tukunya, gama noma bai cika ba sai abin da aka noma ya zama jini da tsoka a jikin iyali. Waɗanda ɗari ya fi taɓawa kuwa su ne mai ciki, da mai jego, da yara ƙanana.

ABIN DA JIKIN MAI SHAYARWA KE NEMA

Hausawa sun ce sai da ruwan ciki a ke jan na rijiya. Mace mai shayarwa takan fitar da nono wajen kashi uku cikin huɗu na lita ko wace rana, ba daga ko ina ya ke zuwa ba kuwa sai daga abin da ta ci da abin da jikinta ya ajiye. Saboda haka tana bukatar ƙarin abinci wajen rubu'in abin da ta saba ci. In ba ta samu ba nonon ba zai tsaya nan da nan ba, jikinta ne zai riƙa biya, ta rame, jini ya yi mata ƙaranci, ta riƙa ganin jiri in ta tashi daga bakin murhu.

Abinci iri uku ne. Akwai mai ba da ƙarfi, watau gero da dawa da masara da shinkafa da mai. Akwai mai gina jiki, watau wake da gyaɗa da waken suya da nama da kifi da ƙwai da nono. Akwai kuma mai tsare jiki daga cuta, watau ganyaye da 'ya'yan itatuwa. Tuwo da miyar da ba kome cikinta sai ruwa da gishiri yana cika ciki, amma iri ɗaya kaɗai aka ci cikin ukun. Ƙaurin da maigida kan saya a makon haihuwa abin kirki ne, sai dai kwana nawa zai yi? Shayarwa shekara biyu ce.

KADA A SAYAR DA WAKE DUKA

Cikin ko wane kashi 100 na gero, abin gina jiki bai fi kashi 11 ko 12 ba. Wake da gyaɗa suna da wajen kashi 25, waken suya kuwa ya kai kusan 40. Ke nan wanda ya kwashe wakensa da gyaɗarsa ya kai kasuwa da kaka, ya bar wa gida tsabar dawa, ya sayar da naman iyalinsa ne da araha, zai kuwa koma ya sayo shi da tsada in bazara ta yi. Kafin a kira mai awo, a fara ware na gida.

Abin da ke sa mutane gaggawar sayar da wake shi ne tsoron ƙwari. To, akwai dabara wadda ba ta bukatar magani. A shanya waken ya bushe ƙarau, a zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda a ke kira PICS, da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a ƙasashenmu a 2007. A matse iska, a ɗaure ko wace leda dabam. Ƙwarin da ke ciki za su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu. Jarka ko duro mai murfin kirki ma yana yin wannan aiki, muddin an cika shi fal, an toshe bakin sosai. Waken da iyali za su ci bai kamata a barbaɗa masa maganin feshin gona ba ko kaɗan.

Gyaɗa kuma a tsince ta. Wadda ta yi fumfuna, ko ta yamushe, ko ta yi ɗaci, tana iya ɗauke da dafi mai lalata hanta. An gano dafin nan ne bayan da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, don sun ci tunkuzar gyaɗar da aka kai daga Barazil. Suya ba ta kashe shi, dahuwa ba ta kashe shi, yana kuma bi ta nono ya isa ga jariri. Abin da a kan yi a gidaje da yawa shi ne a sayar da mai kyau, a bar wa mata tsintar su yi ƙuli-ƙuli da miya. A juya al'amarin: mai kyau ta gida ce, ruɓaɓɓiya kuwa a binne ta, kada ma a ba kaji.

GANYE DA LAMBU

Ganyen zogale, da kuka, da rama, da yakuwa, da alayyafo, duka suna da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Rashin wannan bitamin shi ke kawo dundumi, shi ke kuma sa ƙyanda da zawo su yi wa yaro mugun kamu. Ana samunsa kuma a kabewa, da karas, da gwanda, da manja, da hanta, da dankalin Hausa mai jan ciki. Amma fa ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, don haka kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa haɗi ne na hikima, haka kuma miyar taushe da gyaɗa.

In za a busar da ganye, a shanya shi a inuwa, cikin rumfa ko ɗaki mai iska, a kan tabarma mai tsabta. Rana tana cinye amfaninsa. Alama ita ce launi: wanda ya bushe yana kore shar ya fi wanda ya koma ruwan ƙasa. Wajen dahuwa kuma kada a yi ta tafasa shi ana zubar da ruwan, a sa shi daga ƙarshe, a sauke da zarar ya yi laushi.

Hunturu shi ne lokacin lambu, gama karas da kabeji da salak da tumatir da albasa duk sun fi son sanyi. Ba sai mai fadama ba. Fangali biyu ko uku a bayan gida, ko wane taki huɗu a tsawo, taki ɗaya a faɗi, a zuba ruɓaɓɓen takin gida, a kewaye da kara don awaki da iska, sun isa miyar gida. Alayyafo mako huɗu zuwa biyar a ke fara yankansa, karas kuwa wajen wata uku. Kada a shuka alayyafo duka rana ɗaya. A shuka fangali guda yau, bayan mako biyu a shuka wani, ta haka ba zai yanke ba. In tumatir ya yi araha a yanka a yi kauɗa, a shanya a kan rufi ko gado, ba a gefen hanya cikin ƙura ba.

Lemo yana cika kasuwa a wannan lokaci, ga tsamiya da 'ya'yan kuka sun nuna. Garin ɗan kuka yana da bitamin C da yawa, shi kuwa yana taimakon jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Shayi akasin haka ya ke yi. Mai ciki da mai jego su sha lemo a kan abinci, su jinkirta shayi sai bayan kamar sa'a ɗaya ko biyu.

Kaji ma a tuna da su. Annobar nan da kan share akurki da hunturu tana da rigakafi, ana yinsa a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom. A nemi malamin dabbobi tun kaji ba su fara gyangyaɗi ba. Kaza biyar masu rai ƙwai ne a kwanon yara, zancen wai ƙwai na sa yaro sata kuwa ba shi da tushe.

KUNUN YARO

Daga haihuwa har wata shida nonon uwa kaɗai ya ishi jariri. Wajen kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, saboda haka ko leɓensa ya bushe da iska, a ƙara ba shi mama, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo. Dakashin nan na kwanakin fari, wanda wasu kan matse su zubar, shi ne rigakafinsa na farko.

Daga wata shida sai a fara kunu, ana ci gaba da nono. Koko tsararo ruwa ne kawai, cikin yaro kuwa ƙarami ne, yakan cika kafin ya sami abin kirki. Ga haɗin da za a iya yi da abin da ke rumbu: gero ko dawa mudu 3, waken suya mudu 1, gyaɗa rabin mudu. A wanke waken suya, a tafasa shi, a cire ɓawon, a shanya, sa'an nan a soya shi sama-sama har ya yi ƙamshi, gama ɗanyensa ba ya narkewa a ciki. A soya hatsin da gyaɗar, a haɗa a niƙa, a tankaɗe. Kada a niƙa abin da ya wuce na mako biyu ko uku, don man gyaɗar kan sa gari ya yi ɗaci.

Akwai wata dabara kuma. A jiƙa gero kwana ɗaya, a rufe shi da tsumma mai laima kwana biyu har ya tsiro, a shanya, a murje saiwar, a niƙa. In an dama kunu da kauri, sai a barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na garin tsiron nan tun kunun yana da zafi, a motsa. Za a ga ya tsinke da kansa ba a ƙara ruwa ba. A mayar da shi wuta ya sake tafasa, a huce, a ba yaro. Ya sha mai ruwa-ruwa ke nan, amma ƙarfinsa na mai kauri ne. Zuma tana sauƙaƙa tari ga yaron da ya wuce shekara ɗaya, wanda bai kai ba kuwa kada a ba shi sam.

MAGANAR KANWA

Kunun kanwa da wankan jego al'ada ce da muka gada. Amma likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura, cikin shekarun 1970, cewa ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa ƙwarai a wannan yanki, suka kuma danganta shi da yawan shan kanwa, da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Daga baya an gano akwai waɗansu dalilai ma, kamar hawan jini. Abin da ba shakka cikinsa shi ne kanwa 'yar'uwar gishiri ce, yawanta na sa jiki ya tara ruwa, zuciya ta wahala. Tana kuma kashe wani sashe na bitamin B a cikin tukunya. In don wake ya yi saurin nuna ne, a jiƙa shi tun da dare. Mai jego ta sha kunun gyaɗa da na tsamiya, da citta da kanumfari daidai wa daida, ta yi wanka da ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya jurewa. In ƙafafunta sun kumbura, ko numfashi na yi mata wuya in ta kwanta, ko tana tari da dare, a kai ta asibiti ran nan.

WUTA DA HAYAƘI

Kaskon gawayi a ɗaki rufe yana fitar da wata iska mai kisa, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da kasala, mutum ya yi barci bai farka ba. A ɗumama ɗaki, a fitar da kasko kafin a kwanta, a bar 'yar kafar iska. Janareto ma haka, a waje nesa da taga. Jariri a sa masa hula da safa, a shafe shi da man kaɗanya, a bar wankan asuba sai rana ta ɗaga. In uwa na girki, wani ya riƙe mata goyo nesa da hayaƙi.

Mura takan wuce da kanta. Amma maigida ya koyi ƙirga numfashin yaro da agogo, sa'ad da yaron ya ke kwance shiru. In ya kai 60 a minti ɗaya ga wanda bai cika wata biyu ba, ko 50 ga ɗan wata biyu zuwa shekara, ko 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, ko kuwa ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja numfashi, to, ciwon ya sauka huhu, sai asibiti. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya ma ba a kwana da su, gama da hunturu sanƙarau kan fara, ya yi ƙarfi da bazara. Allurar ƙyanda a wata tara a ke yin ta farko, a duba katin yaro.

Fatake da 'yan kasuwa, ku da ke yawon kasuwanni, ƙullin busasshen kifi da lemo goma ba za su karya jari ba. Malaman ofis kuma, in an yi albashi a fara da mudun wake da kwalbar manja kafin lemon kwalba da biskit. Maƙwabcin da ba shi da lambu a ba shi irin zogale ko reshe ya kafa a bayan ɗaki, kafin shekara ta kewayo zai fara tsinka.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu yi magana a kan dashen albasa da yawan ruwan da ta ke so. Allah ya ba masu jego lafiya, ya raya abin da aka samu.