Kula da Muhalli a Birnin Kaduna: Rawar da Ɗalibai da Malamai Za Su Taka

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya ya yi nazarin sunayen wurare a birnin Kaduna, zai tarar cewa magabata sun bar mana tarihin halittun da suka rayu a wannan yanki. Sunan garin kansa, kamar yadda aka fi ruwaitowa, ya samo asali ne daga kadduna, wato jam'in kada, saboda yawansu a kogin. Haka kuma akwai Unguwar Rimi da Rafin Guza, sannan Kawo ma sunan wata bishiya ce mai katako mai ƙwari. To, abin tambaya a nan shi ne: ɗalibai nawa ne a yau suka taɓa ganin guza a Rafin Guza, ko kuwa za su iya nuna bishiyar kawo idan sun gan ta?

Na sha jarraba sababbin ɗalibaina na ilmin halittu da cewa kowa ya rubuta sunayen itatuwa 10 da ke kan hanyarsa ta zuwa makaranta. Akasarinsu daga mangwaro da dogon yaro sai alƙalami ya tsaya, alhali kuwa sun haddace sassan fure da Turanci. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa arewacin birnin Kaduna cike yake da wuraren koyon ilmin halittu, kuma sai wanda ya san muhallinsa ne zai iya kula da shi.

Kogin Kaduna da matsalar ambaliya

Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya haɗu da kogin Kwara. Shi ne ya raba birnin gida biyu, daga gare shi ne matatar ruwa ta Malali take ɗibar ruwan da ake sha, kuma a kansa aka gina madatsar Shiroro wadda ta fara ba da wutar lantarki a 1990. Tun da Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917, garin yake ta bunƙasa, har gine-gine suka gangara cikin fadamun da a dā kogin yake malala a cikinsu idan ya cika.

Mazauna bakin kogi ba za su manta da ambaliyar 2003 da ta 2012 ba, lokacin da ruwa ya ci gidaje da dukiya mai yawa. Mutane da dama kan ɗora laifin a kan yawan ruwan sama kawai, amma kimiyya ta nuna akwai hannun ɗan Adam a ciki. Bari mu yi ɗan lissafi. Idan ruwan sama na milimita 1 ya sauka a fili mai faɗin murabba'in mita 1, an sami lita 1 ke nan. Kaduna kan sami kimanin milimita 1,200 a shekara. Saboda haka rufin kwano mai murabba'in mita 100 yana zubar da lita 120,000 a damina guda, wato duro 600 masu cin lita 200. Idan wannan ruwa ya sauka a ƙasa mai ciyawa da saiwoyin itatuwa, kaso mai yawa zai nutse sannu a hankali ya ciyar da rijiyoyi. Idan kuwa ya tarar da siminti da kwalta, sai ya kwarara gaba ɗaya a lokaci guda zuwa magudanan ruwa. In aka yi rashin sa'a ledoji da robobi sun toshe magudanan, ina ruwan zai nufa in ba cikin gidaje ba?

Ɓarnar shara ba ta tsaya nan ba. Ruwan da ya kwanta a kwata shi ne gidan haihuwar sauro, wanda kan tashi daga ƙwai zuwa cikakken sauro cikin mako ɗaya zuwa biyu. Dattin da ya isa kogi kuwa, ƙwayoyin bakteriya kan taru su ruɓar da shi, kuma a garin yin haka sukan shanye iskar oksijin da ke narke a ruwan. Tarwaɗa kan jure, domin tana iya shaƙar iska daga saman ruwa, amma kifaye da yawa sai su ƙaura ko su mutu.

Wuraren da za a kai ɗalibai

A dā malamai sukan yi tunanin dazuzzuka irin su Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, ko dajin Afaka da ke kusa da Mando. Sai dai matsalar tsaro, musamman sace ɗaliban Kwalejin Gandun Daji ta Afaka a watan Maris na 2021, ta sa wajibi ne kowace makaranta ta yi taka-tsantsan. Wannan bai kamata ya kashe mana gwiwa ba, domin a cikin gari ma akwai abin koyo.

Na farko shi ne lambun Ƙofar Gamji da ke bakin kogi, wanda aka sa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina. A nan ne ƙaramar gadar ƙarfe ta Lugga take, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904. Malamin tarihi da na ilmin halittu suna iya haɗa tafiya guda: ɗalibai su ga gadar, sannan su lura da bambancin tsirran bakin ruwa da na tudu, su kuma ƙirga tsuntsaye irin su balbela da zalɓe da shirwa.

Na biyu ita ce Cibiyar Binciken Ciwon Barci ta Ƙasa da ke Unguwar Rimi, wadda ta faro tun zamanin Turawa a matsayin cibiyar Afirka ta Yamma baki ɗaya. Aikinta ya shafi ƙudan tsando, mai yaɗa ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. Akwai kuma Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, da sashen ilmin halittu na Jami'ar Jihar Kaduna wadda aka kafa a 2004. Shugaban makaranta na iya rubuta takarda ya nemi izinin ziyara, ko ya gayyaci wani masani ya zo ya yi wa ɗalibai lacca.

Na uku, wanda ya fi kowanne sauƙi, shi ne harabar makaranta da titunan unguwa. Tsofaffin unguwannin ma'aikata suna da manyan itatuwan maɗaci da mangwaro, ga kuma dogon yaro, wanda asalinsa daga yankin Indiya aka kawo shi.

Gwaje-gwaje marasa tsada

Ga wasu ayyuka da ƙungiyar ɗalibai za ta iya yi ba tare da ɗakin gwaji ba. Da farko, a ƙirga itatuwan makaranta, a rubuta sunan kowace da Hausa da kuma sunanta na kimiyya, a auna kaurinta a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, a maimaita awon kowace shekara. Na biyu, a auna zafi da tsakar rana a ƙarƙashin inuwar bishiya da kuma a fili mai siminti. Bambancin da za a gani ba na inuwa kaɗai ba ne, domin ganyaye suna fitar da tururin ruwa wanda ke sanyaya iska. Na uku, a sami kwalaye biyu a jingine su, ɗaya da ƙasa tsirara, ɗaya da ƙasa mai ciyawa, a zuba musu ruwa daidai wa daida, a tari abin da ya gangaro. Launin ruwan kaɗai ya isa ya bayyana ma'anar zaizayar ƙasa.

Na huɗu, a buɗe littafin lura da tsuntsaye. A rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa, wadda zuwanta ke nuna damina ta kusa. A tambayi dattawa yawan ungulayen da suke gani a mahauta a zamanin ƙuruciyarsu. Wannan tsuntsu mai share mushe ya yi ƙaranci ƙwarai, har a 2015 aka sa shi cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya. Sai dai a kiyaye: kada ɗalibi ya shiga ruwan rafi, domin wasu ƙananan dodon-koɗi da ke cikinsa suna ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya.

Aikin al'umma

Kula da muhalli ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Muna da al'adar aikin gayya, kuma iyayenmu suna tuna zamanin duba-gari. Misali mafi ƙarfafa gwiwa yana wajen 'yan'uwanmu na Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Tun daga shekarun 1980 manoma a can suka fara barin tohon kututtukan itatuwa irin su gawo a gonakinsu, suna rage rassan su bar masu ƙarfi su girma. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. A Kenya ma, marigayiya Wangari Maathai ta fara ƙungiyarta ta dashen itatuwa da matan karkara a 1977, aikin da ya kai ta ga samun lambar Nobel a 2004.

Darasin da ke cikin wannan shi ne, dasawa ba ta kai raino wahala ba. Sau da yawa akan yi bikin dashe, a ɗauki hotuna, kafin wata uku awaki sun cinye tsiron. Ya fi kyau makaranta ta dasa 20 ta raya su, da ta dasa 200 su mutu. A ba kowane aji nasa, a kewaye su, a tsara masu ban-ruwa a lokacin rani. Ranar Muhalli ta Duniya, wato 5 ga Yuni, ta dace da farkon damina a Kaduna, don haka lokaci ne mai kyau na dashe. Kafin nan kuma, a watan Afrilu, ɗalibai su haɗa kai da mai unguwa da limamai da fastoci da ƙungiyoyin matasa a yashe magudanan ruwa, a kuma nemi hukumar kare muhalli ta jiha ta kwashe abin da aka tara, don kada ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito.

Kammalawa

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibin da ya auna ruwan sama da hannunsa, ya ga inda ledar da ya yar ta maƙale, ba ya bukatar doguwar nasiha. Ina kira ga malamai da su keɓe ko da darasi ɗaya a wata su fita da ɗalibai waje, su kuma adana abin da aka rubuta domin azuzuwa masu zuwa su ɗora a kai. Ku kuma ɗalibai, ku fara daga gobe da safe: ku tambayi sunan bishiyar farko da za ku wuce a hanyar makaranta.