Uwargida, kemistirin da ke ba ɗanki wuya yana cikin kicin ɗinki

Idan ɗanki ko 'yarki na ajin kimiyya a babbar sakandare, kin sha ganin haruffa da lambobi da 'yar kibiya a littafinsa na kemistiri. Kada su tsorata ki. Abin da kike yi kullum a gida ne aka rubuta a taƙaice, kuma fahimtarsa na iya ceton rai.

Ƙa'idar guda ɗaya ce. Abubuwan da aka haɗa suna hagu, kibiya tana nuna abin da suka zama a dama. Masanin Faransa Antoine Lavoisier ya bayyana a 1789 cewa abu ba ya ɓacewa, siffa kawai yake sauyawa. Don haka adadin ƙwayoyin zarra na kowane sinadari a hagu dole ya yi daidai da na dama. Wajen daidaitawa, lambar da ke gaban sinadari ake sauyawa, ba a taɓa ƙaramar da ke ƙasa. H₂O ruwan sha ne, amma H₂O₂ ruwan nan ne mai kumfa idan ya taɓa ciwo. Ƙaramar lamba ɗaya ce ta raba su.

Nau'i na farko shi ne haɗuwa, inda abu biyu ke zama ɗaya. Gawayi idan ya sami wadatacciyar iska: C + O₂ → CO₂. Idan iskar ta yi ƙaranci kuwa: 2C + O₂ → 2CO. Wannan CO guba ce marar launi, marar wari. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin, mutum ya fara da ciwon kai da jiri, daga nan sai suma. Shi ya sa muke roƙon iyaye a lokacin hunturu kada su kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki, kada kuma a tayar da janareto a cikin gida.

Na biyu shi ne rabuwa, abu ɗaya ya tarwatse. Bakin soda idan ta ji zafin tanda: 2NaHCO₃ → Na₂CO₃ + H₂O + CO₂. Iskar CO₂ ɗin ce ke kumbura kek.

Na uku shi ne ƙonewa. Ɗaya daga cikin sinadaran gas ɗin girki yana ci haka: C₃H₈ + 5O₂ → 3CO₂ + 4H₂O. Ki sa yaron ya ƙirga a gabanki: kabon 3, haidurojin 8, oksijin 10 a kowane ɓangare. Shuɗiyar wuta alama ce gas na ci sosai. Idan ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta tukunya, iska ba ta isa ba, a duba murhun.

Na huɗu shi ne kashe kaifin asid. Cikinmu na fitar da asid mai suna HCl, maganin ƙwannafi kuma yana kashe shi: Mg(OH)₂ + 2HCl → MgCl₂ + 2H₂O. An sami gishiri da ruwa ke nan. Kumfar da kike gani idan kanwa ta haɗu da ruwan tsamiya 'yar'uwar wannan ce, sai dai ita tana fitar da CO₂.

Akwai haɗin da nake so kowace uwa ta haddace: NaOCl + 2HCl → NaCl + H₂O + Cl₂. Wato bilic ne da ruwan wanke masai mai asid. Cl₂ iskar kulorin ce, tana ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Kada ki taɓa haɗa su da sunan ƙara tsafta. Idan an riga an haɗa, a fita daga banɗakin nan take, a bar ƙofa da taga a buɗe. Wanda numfashinsa ya sarƙe ko tari ya ƙi tsayawa, a garzaya da shi asibiti.

A daren yau ki karɓi littafin, ki zaɓi layi ɗaya, ki ce a ƙirga miki hagu da dama. Ko ba ki yi kimiyya ba, kin iya ƙirga, kuma irin wannan daidaitawa na fitowa a jarrabawar WAEC da NECO. Wane haɗi ne ya fi ba yaranki wahala?